Matsalolin Zanen Alƙaluma da Matplotlib a Binciken Harshen Hausa da Hanyoyin Magance Su

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa rahotannin bincike da littattafan koyarwa ba sa rabuwa da zane-zanen alƙaluma, wato zanen da yake juya lissafi ya koma layi ko ginshiƙi ko ɗigo, ta yadda mai karatu zai fahimci sakamakon bincike da kallo ɗaya. A da, da hannu ake yin irin wannan zane, da rula da tawada. A yau kuwa kwamfuta ce take yi, kuma ɗaya daga cikin kayan aikin da masu bincike suka fi dogaro da su shi ne Matplotlib.

A yayin duba daftarin littattafan jagoran malamai da rahotannin da ake kawo mana, mun lura cewa kurakurai iri ɗaya ne suke maimaita kansu. Wani zanen an rubuta “ɗalibai” amma harafin farko ya zama akwati. Wani an yanke rabin kanunsa. Wani kuma ya fito tsaf a fuska, amma abin da yake nunawa ya saɓa wa alƙaluman da aka gina shi a kansu. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana musabbabin waɗannan matsaloli da yadda ake gyara su. Matsayinmu shi ne, zane shi ma rubutu ne na koyarwa, don haka wajibi ne ya bi ƙa'idojin rubutun Hausa, ya kuma faɗi gaskiyar alƙaluma kamar yadda ake buƙatar kowane sakin layi ya yi.

2.0 Mene ne Matplotlib?

Matplotlib laburare ne na harshen kwamfuta mai suna Python, wato tarin umarni ne da aka riga aka shirya domin mai bincike ya kira su ya yi zane ba tare da ya fara komai daga tushe ba. Guido van Rossum ne ya fitar da Python a shekarar 1991. Shi kuwa Matplotlib, John Hunter ne ya ƙirƙiro shi, masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, aka fara fitar da shi a shekarar 2003. Kyauta ake samun sa, kuma da zarar an girka shi a kwamfuta ba ya buƙatar intanet, abin da ya sa ya dace da kwalejojin ilimi da sassan Hausa na jami'o'i.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, Matplotlib yana da zaɓin da yake bi da kansa idan ba a ba shi umarni ba. Misali, girman zane inci 6.4 ne a kwance da inci 4.8 a tsaye, yawan ɗigo kuma 100 a kowane inci. An tsara waɗannan ne domin kallo a fuskar kwamfuta. Littafin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare kuwa, wanda watakila za a buga shi baƙi da fari, yana da tasa buƙatar daban. Yawancin abin da ake kira matsalar Matplotlib, idan aka bincika, sai a tarar daga ɗaya cikin wurare huɗu ya taso: bayanan da aka shigar, ko samfurin haruffa, ko ma'aunin zane, ko kuma yadda aka adana shi. A bisa wannan jeri za mu bi su, domin shi ne jerin da ya kamata mai neman gyara ya bi.

3.0 Matsalolin da Suke Tasowa daga Bayanai

3.1 Baƙaƙe masu ƙugiya

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda shi ne duniya ta amince da shi, kowane harafi yana da lambarsa: ƙ tana da 409, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599, ita kuwa ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar tana da 436. Kafin wannan tsari ya bazu, marubuta Hausa sun yi amfani da samfuran haruffa na musamman irin su Rabi'at, waɗanda suke aron gurbin wata alama su ɗora harafi mai ƙugiya a kai. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da wannan samfuri ake ganin }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Haka kuma akwai masu rubuta q da x da v a gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka ɗauko irin wannan rubutu aka ba Matplotlib, abin da ke ƙasa shi zai zana. Maganin a nan shi ne a musanya alamomin da haruffan Unicode na ainihi tun a cikin bayanan, kafin a kai ga zane.

Akwai kuma matsalar adanawa. Mai bincike zai shigar da alƙalumansa a Excel da haruffa daidai, amma idan ya adana fayil ɗin a matsayin CSV na gama-gari, sai ƙugiyoyin su koma alamar tambaya. Harafin da ya koma alamar tambaya ya ɓata ke nan, babu umarnin da zai dawo da shi. Don haka a riƙa zaɓar CSV UTF-8 wajen adanawa, a kuma sanar da Python cewa da wannan tsari zai karanta fayil ɗin.

3.2 Kalma ɗaya, ginshiƙi biyu

A wani daftari da muka duba, an ƙirga yawan aukuwar kalmomi a cikin labaran yara, sai kalmar 'ya'ya ta fito sau biyu a zane, kowace da ginshiƙinta. Dalili shi ne masu buga rubutun biyu ne, ɗaya ya yi amfani da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri, ɗayan kuma da lanƙwasasshiya. Ido yana ganin su ɗaya, kwamfuta kuwa lambobi biyu take gani. Haka abin yake ga wasali mai alamar karin sauti: à tana iya zama harafi guda mai lamba ɗaya, tana kuma iya zama a da aka ɗora wa alama daga baya. Python yana da laburare mai suna unicodedata wanda yake daidaita irin wannan bambanci na wasula zuwa siga guda da ake kira NFC. Alamar ɗauri kuwa, sai mai bincike ya zaɓi guda ya musanya sauran da kansa.

3.3 Jerin abacada da tagwayen baƙaƙe

Idan aka umarci Python ya jera kalmomi, bisa lambobin haruffa yake jerawa. Sakamakon haka duk kalmomin da suka fara da harafi mai ƙugiya sai su koma bayan z, kuma ƙ ta riga ɓ da ɗ, tun da lambarta ta fi ƙanƙanta. Ɗalibin da aka koya wa cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, zai ga akasin haka a zanen littafinsa. Wajibi ne mai bincike ya rubuta jerin abacadar Hausa da kansa, ya sa a jera bisa shi. Bugu da ƙari, wajen ƙirga baƙaƙe, kwamfuta za ta raba sh zuwa s da h, ta raba ts zuwa t da s, haka ky da gw da ƙw. Zanen da aka gina a kan irin wannan ƙirge zai kumbura yawan h da s da w, ya kuma ɓatar da mai tsara darasin karatu wajen yanke shawarar sautin da za a fara koyarwa.

3.4 Lambobin da suka zama rubutu

Wani lokaci a ga lambobin layin tsaye sun hargitse, 70 tana ƙasa da 45, layin zane kuma ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula. Wannan alama ce ta cewa an karanta lambobin a matsayin rubutu. Matplotlib yana ɗaukar rubutu a matsayin sunayen rukunoni, ya jera su yadda suka zo masa. Galibi abin da ke jawo haka shi ne wani gurbi guda da aka rubuta “babu” ko aka sa alamar kashi cikin ɗari a gefen lamba. A tsabtace gurbin, a mayar da jerin zuwa lambobi, zane zai daidaita.

4.0 Matsalolin Samfurin Haruffa

Idan bayanai sun inganta amma har yanzu akwati yana fitowa a gurbin ɗ, to laifin na samfurin haruffa ne. Matplotlib yakan yi gargaɗi a kan haka, saƙon yana farawa da kalmar Glyph sannan lambar harafin da ya rasa. Wanda ya ga 599 ya san ɗ ce, wanda ya ga 409 ya san ƙ ce.

Tun daga fitowa ta 2.0 a shekarar 2017, samfurin da Matplotlib yake amfani da shi da kansa shi ne DejaVu Sans, kuma yana ɗauke da dukkan baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, manya da ƙanana. Wato ke nan, matsalar takan taso ne a lokacin da mai bincike ya sauya samfuri domin zanen ya dace da rubutun littafi, ya zaɓi wanda ba shi da waɗannan haruffa. Samfuran da muka gwada muka gamsu da su sun haɗa da Charis SIL da Doulos SIL da Gentium, sai Andika wanda aka tsara musamman domin masu koyon karatu, da kuma dangin Noto. Daga fitowa ta 3.6 a shekarar 2022, ana iya ba Matplotlib jerin samfura, idan na farko ya rasa harafi ya ɗauko daga na biyu. Wannan yana hana fitowar akwati, sai dai harafin aro yakan bambanta da maƙwabtansa a kauri da tsayi, don haka zaɓen cikakken samfuri tun farko ya fi.

Sau da yawa kuma mutum zai girka sabon samfuri, amma Matplotlib ya ce bai gan shi ba, da saƙo mai farawa da findfont. Dalili shi ne yana ajiye jerin samfuran da ya sani a wani fayil mai suna fontlist, ba ya sake bincike kullum. A goge wannan fayil a sake kunna Python, ko a yi amfani da umarnin addfont a nuna masa inda samfurin yake.

Alamomin karin sauti da tsayin wasali suna buƙatar kulawa ta daban. A kalma irin bàaƙoo ko tùuluu, idan aka zaɓi nuna tsayi da ɗan layi a kan wasali, to dogon wasali mai karin ƙasa zai ɗauki alamomi biyu a kansa. Unicode ba shi da harafi guda na a ko i ko u mai waɗannan alamomi biyu, sai dai a ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma a zane sukan hau juna ko su karkace. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda masana tsarin sautin Hausa da dama suke bi, wato ninka wasali domin nuna tsayi, a ɗora alamar kari a kan na farko.

Ga masu aiki da Ajami, ya kamata a sani cewa fitowar Matplotlib har zuwa ta 3.10 ta shekarar 2024 ba sa haɗa haruffan Larabci da juna, ba sa kuma rubuta su daga dama zuwa hagu. Mai amfani da ɗaya daga cikinsu zai iya bi ta hanyar pgf, wadda take miƙa aikin rubutu ga XeLaTeX, ko ya adana zanen ba rubutu ya ƙara Ajamin a wajen shirya shafi.

5.0 Matsalolin Ma'auni

5.1 Zanen karin sauti

Kalmar kuukaa ta zubar da hawaye da kuukàa ta itaciya ba su bambanta ba sai a karin gaɓa ta biyu. Babu abin da ya kai zanen hawa da saukar murya saurin fahimtar da ɗalibin kwalejin ilimi wannan bambanci. Ana ɗauko alƙaluman daga Praat, manhajar nazarin furuci da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar, ko ta laburaren Parselmouth wanda yake haɗa Praat da Python. Sai dai k baƙi ne maras ziza, tantanin maƙwallato ba ya karkarwa a lokacin furta shi, don haka babu abin aunawa a wurin. Parselmouth yana cike irin wannan gurbi da sifiri. Idan aka zana haka, layin zai faɗo ƙasa warwas a kowace k, ɗalibi ya ɗauka karin faɗau yake gani. Gyaran shi ne a musanya kowane sifiri da alamar NaN, wadda take nufin babu lamba. Matplotlib yana barin giɓi a duk inda ya same ta, kuma giɓin shi ne gaskiyar abin da ya faru a furuci.

Haka kuma, idan za a kwatanta kalmomin biyu a zane biyu, dole ne layin tsaye ya zama da iyaka ɗaya a dukkansu. In an bar Matplotlib ya zaɓa, zai buɗe kowane zane gwargwadon alƙalumansa, sai 'yar girgizar murya a kuukaa ta yi kama da gangaren da ke kuukàa. Umarnin sharey ko set_ylim shi ke magance wannan.

5.2 Zanen wasula

Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo. A nazarin furuci ana auna su da ma'auni biyu, F1 da F2. F1 yana ƙaruwa idan harshe ya sauka, F2 kuma yana ƙaruwa idan harshe ya matso gaba. Idan aka zana su yadda Matplotlib ya saba, lambobi suna ƙaruwa zuwa sama da dama, sai taswirar wasula ta fito a kife: a tana sama, i da u suna ƙasa. Domin zanen ya dace da taswirar da ɗalibai suka sani, ana ɗora F2 a layin kwance, F1 a layin tsaye, sannan a juya dukkansu da invert_xaxis da invert_yaxis. A nan ne i za ta koma sama ta hagu, u sama ta dama, a kuma ƙasa a tsakiya.

5.3 Ginshiƙin da bai fara daga sifiri ba

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar masu tsara manhajar karatu. A ɗauka, a matsayin misali kawai, aji ɗaya ya sami matsakaicin maki 62, wani ajin kuma 68. Idan aka fara layin tsaye daga 60, ginshiƙin farko zai yi tsayin 2, na biyu tsayin 8, wato ninki huɗu. Jami'in da ya kalli zanen a gurguje zai fita da ra'ayin cewa sabuwar dabarar koyarwa ta ninka sakamako sau huɗu, alhali bambancin maki 6 ne. A kan irin wannan kallo ake sauya littafi, ake kashe kuɗin horar da malamai. Ƙa'idarmu ita ce, duk zanen ginshiƙi daga sifiri zai fara, kuma a rubuta yawan ɗaliban da aka gwada a ƙarƙashinsa.

6.0 Matsalolin Adanawa da Bugawa

Wanda ya adana zane ya buɗe ya tarar da farar takarda, ya duba jerin umarninsa. Galibi ya kira show kafin savefig, kuma da aka rufe tagar zanen sai aka adana sabon shafi wanda ba komai a kansa. A fara adanawa, sannan a nuna.

Yankewar rubutu kuwa ta fi damun masu rubutu da Hausa, domin bayananmu sukan fi na Ingilishi tsayi. “Yawan ɗaliban da suka amsa daidai” ba zai shiga gurbin da aka tanada domin kalma biyu ba. Tsarin constrained_layout yana gyara tazara da kansa. Idan sunayen rukunoni ne suke hawa juna, gara a kwantar da ginshiƙan da umarnin barh, sunaye su zauna a hagu a karanta su a miƙe, da a karkata rubutu har yaro ya riƙa juya littafi.

Game da launi, ya kamata a tuna cewa yawancin takardun da suke isa hannun malami sun bi ta injin hoto baƙi da fari, watakila fiye da sau ɗaya. Shuɗi da ja da kore duk toka-toka suke komawa. Saboda haka kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. A bambanta layuka da siga, wannan miƙaƙƙe, wancan mai ɗigo-ɗigo, a bambanta ginshiƙai da zanen ciki ta hanyar hatch. Wannan yana taimakon masu matsalar bambance launi ma. Inda ake buƙatar launi mai hawa-hawa, viridis, wanda ya maye gurbin jet a shekarar 2017, yana tafiya daga duhu zuwa haske a jere, don haka ma'anarsa ba ta ɓacewa a bugun baƙi da fari.

A wajen kai wa maɗaba'a, PDF ko SVG sun fi, domin ba sa dushewa idan an ƙara girma. In kuwa dole sai PNG, kada ɗigo ya gaza 300 a kowane inci.

7.0 Fayil ɗin Salo Guda

Maimakon kowane marubuci ya riƙa waɗannan gyare-gyare da kansa, Matplotlib ya ba da damar tattara su a fayil guda mai ƙarshen suna mplstyle, wanda ake kira da umarnin style.use a farkon aiki. Ga misalin abin da zai ƙunsa:

font.family: Charis SIL, DejaVu Sans
font.size: 11
figure.constrained_layout.use: True
savefig.dpi: 300
pdf.fonttype: 42

Layi na ƙarshe yana sa a cusa haruffan cikin PDF a sigar TrueType, yadda mai shirya shafi zai iya gyara rubutun ba tare da ƙugiyoyi sun lalace ba. Idan kwamitin rubuta littafi ya amince da fayil guda irin wannan, zane-zanen babi na ɗaya da na babi na goma za su fito da kama ɗaya, ko da mutane daban-daban ne suka yi su.

8.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

i. Kowane kwamitin rubuta littafin Hausa ya tanadi fayil ɗin salo guda da samfurin haruffa guda, a raba wa marubuta tun kafin a fara aiki.

ii. A mayar da tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga da samfuran aro zuwa Unicode kafin a yi kowane ƙirge a kansu.

iii. Duk zanen da za a miƙa ya zo tare da alƙalumansa da umarnin da aka yi shi da su, domin mai tacewa ya iya sake fitar da shi ya gwada.

iv. Masu tace daftari su karanta rubutun cikin zane kamar yadda suke karanta sauran shafi, su kuma buga shi baƙi da fari su duba kafin su amince.

v. A sanya karanta zanen alƙaluma da fassara shi da Hausa cikin darussan dabarun bincike na kwalejojin ilimi, tare da daidaita kalmomin fannu irin su layin kwance da layin tsaye da mabuɗin zane.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bi matsalolin zane da Matplotlib daga bayanai zuwa samfurin haruffa, daga nan zuwa ma'auni, sannan adanawa da bugawa. Mun ga cewa wasu daga cikinsu, kamar akwati a gurbin ɗ, ido yana kama su nan take. Wasu kuwa, kamar sifiri a zanen karin sauti da ginshiƙin da aka yanke gindinsa, ba sa nuna kansu, kuma su ne suka fi haɗari, domin malami zai koyar da su a matsayin gaskiya. Gwajin da muke ba kowane marubuci shawarar ya yi kafin ya miƙa aikinsa mai sauƙi ne: ya rubuta “Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya” a kanun zanen, ya buga shi a takarda, ya miƙa wa malamin da bai san binciken ba, ya tambaye shi abin da ya gani. Idan amsar malamin ta dace da alƙaluman, zanen ya isa shiga littafi.